Labarin Alhaji Alhassan Dantata, Bankin Fatake

Kowane ɗayanmu a kwalejin nan, in Allah ya kai shi ga gama karatu, zai wayi gari wata rana an miƙa masa albashinsa na fari. Daga ran nan tambayoyi biyu za su riƙa binsa har tsufansa: ina zai ajiye abin da ya samu, wa kuma zai amince wa da shi? Kafin wata ya ƙare wani zai zo neman rance, shi kansa ma wata rana zai je neman rance wurin wani. Saboda haka na ga ya kamata mu duba labarin wani mutum wanda ya ƙware a sha'anin ajiya da bashi, watau Alhaji Alhassan Dantata na Kano.

Mutumin nan bai shiga makarantar boko ba, bai kuwa kafa banki mai allo a ƙofa ba. Duk da haka 'yan kasuwa masu yawa shi ne bankinsu, daga hannunsa su ke samun jari, gare shi kuma su ke mayarwa. A ƙarshen rayuwarsa har ya zauna a majalisar Sarkin Kano. A Kano ya yi zamansa, amma labarinsa ya shafe mu a nan Jos, gama Jos ma gari ne wanda baƙi da kuɗi suka taru a cikinsa, kamar yadda za mu gani a gaba.

ASALINSA

An haifi Alhassan a Bebeji, kudu da birnin Kano, cikin shekarar 1877. Mutanensa Agalawa ne. Su Agalawa asalin kakanninsu daga wajen ƙasar Abzin ne, suka gangaro kudu suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, har suka zama Hausawa a harshe da al'ada. Da ya ke baƙi ne, ba su da gadon sarauta, sai suka rungumi fatauci. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Kakan Alhassan, wanda a ke kira Baba Talatin, shi ya taso da gidansu daga ƙasar Katsina zuwa Madobi, ubansa Abdullahi kuma ya koma Bebeji, domin garin yana kan hanyar ayari.

Alhassan yana ƙaramin yaro ubansa ya rasu. Uwarsa, wadda a ke kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce ƙwarai. Ta tashi ta tafi Akara, babban birnin Gana na yanzu, wanda fatake ke kira Ankara, ta bar 'ya'yanta hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Tatan nan ita ta rene shi, shi ya sa aka riƙa ce masa ɗan Tata, har sunan ya bi shi, ya bi zuriyarsa. Ku duba fa, sunan da a yau a ke rubutawa a kan manyan kamfanoni sunan wata tsohuwa ce mai reno.

Ya yi karatun allo a Bebeji, yana kuma ɗan saye da sayarwa don ya ci da kansa. Da ya kai wajen shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga uwarsa, ya zauna can ɗan lokaci, sa'an nan ya komo. Komowarsa ba da daɗewa ba aka yi Basasar Kano, wadda ta tashi a 1893 tsakanin Sarki Tukur da 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda a ke kira Yusufawa. Yaƙin ya ci Bebeji. Aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka biya fansa kana suka kuɓuta. Saurayi ne wanda ya ga yadda dukiya da 'yanci kan tafi cikin yini ɗaya in masu mulki sun saɓa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

BANKI KAFIN ZUWAN BANKI

Kafin mu fahimci aikinsa, sai mun san yadda kuɗi ke tafiya a zamanin nan. Kuɗin ƙasar Hausa wuri ne. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, keso ɗaya kuwa kayan ƙato guda ne. Wanda zai yi tafiyar watanni daga Kano zuwa Salaga ba zai iya ɗaukar jarinsa da wuri ba, don abincin jakunan da za su ɗauka zai cinye ribar. Saboda haka fatake kan juya kuɗinsu su zama kaya: kanwa, da turkuɗi, da jan fata, da sauran abin da mutanen Gwanja da Ashanti ke so. In sun sayar can, su sayi goro su ɗaure huhu-huhu su komo. Madugu ke gaba, shi ke shirya inda za a yi zango, shi ke kuma sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito.

To, in baƙo ya isa garin da bai san kowa ba, ina zai sauka, wa zai tsaya masa? A nan ne fatoma ke shigowa, watau maigidan baƙi. Fatoma shi ke ba baƙo masauki da abinci, shi ke ajiye masa kaya da kuɗi. Dillalansa su ke nemo mai saye, a ba su la'ada. In mai saye ba shi da kuɗi a hannu, fatoma ya tsaya masa, ya ce in bai biya ba ran kaza, shi zai biya. Ashe ke nan ajiya, da rance, da lamuni, ayyuka uku da banki ke yi yau, fatoma na yin su tun Turawa ba su zo ba. Jarinsa na ainihi shi ne sunansa. Ran da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya, labari ya bi ayari har Kano, ba mai sake sauka gidansa.

A wannan makaranta Alhassan ya yi karatunsa na kasuwanci. Yaƙin da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa fataken Hausa zuwa wasu garuruwa, har bakin teku, zangon Hausawa na Ankara kuwa ya daɗa girma. Alhassan ya koma can ya zauna, baƙo cikin baƙi. Ya lura da wani abu wanda tsofaffin fatake ba su kula da shi ba, watau jirgin ruwa. Wajen 1906 ya fara aika goro ta teku daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko. Abin da jaki ke yi cikin watanni, jirgi ya yi shi cikin kwanaki, goro kuwa ya isa da ɗanyensa. Mai juya jarinsa sau da yawa a shekara lalle ya wuce mai juya shi sau ɗaya.

JIRGIN ƘASA DA GYAƊA

Turawa sun ci Kano a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin a 1911, aka buɗe ta ga kaya a 1912. Turawan Ingila sun sa rai auduga za su samu daga ƙasar Kano don masaƙunsu. Amma manomi ya fi su sanin lissafinsa. Gyaɗa ta fi auduga kuɗi a lokacin, ba ta gajiyar da ƙasa, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cin ta. A Turai kuwa ana neman man gyaɗa don yin sabulu da wani irin man shafa wa burodi. Nan da nan gyaɗa ta cika tashar Kano.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa sosai, manomi kuma bai san su ba. Dole su nemi waɗanda ke da yara a kowace kasuwa, su ne kuwa tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Alhassan ya komo Kano a daidai wannan lokaci, ya zauna wajen unguwar Koki. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Kafin 1922 ya wuce sauran attajiran birnin duka. Kamfanin Nejan nan shi ne aka haɗa da wani a 1929 ya zama United Africa Company, wanda kowa ya sani da U.A.C., Alhassan kuwa ya zama babban mai sayen gyaɗarsu.

Ga yadda abin ke tafiya. Da kaka ta gabato, kamfani ya ba babban attajiri kuɗi, ko kuwa kaya irin su gishiri da yadi, bisa alkawarin zai kawo gyaɗa. Shi kuma ya raba wa yaransa. A misali, ya ba yaro ɗaya fam 100. Yaron ya tafi ƙasarsu ya raba wa mutum goma, kowa fam 10. Su kuma su zauna kasuwannin ƙauye da mudu, suna saye daga manoma waɗanda ke neman kuɗin haraji da na tufafin iyali. Gyaɗa ta hau jakuna da raƙuma ta nufo Kano, a auna, a cire abin da aka ba kowa, saura ya zama ribarsa. Kuɗi ya gangara daga sama zuwa ƙasa, gyaɗa ta hau daga ƙasa zuwa sama, kowane mataki kuwa bashi ne. Gaskiyar Hausawa da suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Me zai hana yaro ya gudu da fam 100? Ba takarda ya sa wa hannu ba, ba gida ya jinginar ba. Abin da ke riƙe shi shi ne, maigidansa ya san ubansa, ya san garinsu, wataƙila ma shi ya yi masa aure. In ya cika alkawari bana, baɗi a ƙara masa jari, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa. In ya ci amana, ga alƙali, ga kuma kunya, ba kuwa attajirin da zai sake ba shi ko anini. Gwanintar Alhassan ita ce sanin mutane: wa za a ba kaɗan, wa za a ba da yawa, wa za a yi wa haƙuri in asara ta same shi ba da laifinsa ba.

Kada mu ɗauka tsarin nan alheri ne zalla. A can ƙarshen igiya akwai manomi, shi ne kuwa mai rauni. In abinci ya ƙare masa da damina, ya kan ci falle, watau ya karɓi dami ɗaya ya biya biyu da kaka, ko ya sayar da gyaɗarsa tun tana ƙasa a kan kuɗi kaɗan. Farashi kuma ba a Kano a ke yanke shi ba, a kasuwannin Turai ne. Sa'ad da kasuwar duniya ta faɗi a 1929 da shekarun da suka biyo, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji kuwa bai jira kowa ba. Manoma da ƙananan masu saye da yawa sun sha wuya ƙwarai a lokacin nan.

RAƘUMA ASHIRIN A ƘOFAR BANKI

Bankin Turawa na fari da ya kafu sosai a ƙasar nan shi ne Bank of British West Africa, wanda Sir Alfred Jones, mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster a Libaful, ya kafa a 1894. Babban aikinsa shi ne shigo da kuɗin azurfa daga Ingila, da riƙe kuɗin Gwamnati da na kamfanoni. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma, ta fito da sule da sisi da taro, ga kuma kwabo da anini masu huda a tsakiya. Kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya. Da haka wuri ya mutu a hankali. Wani bankin, Colonial Bank, ya shigo a 1917, ya zama Barclays a 1925.

Mutanenmu ba su yi saurin yarda da banki ba, suna kuwa da dalili. Yaya za ka ba baƙo azurfarka ya ba ka 'yar takarda? Attajiri ya fi son ya haƙa rami a ɗaka ya binne tukunya, ko ya juya kuɗin su zama shanu da gidaje. Ga kuma maganar ruwa, gama Musulunci ya hana riba, mai tsoron Allah ba ya son a ƙara masa kome a kan abin da ya ajiye. Saboda haka abin da ya faru a 1929 ya zama labari har yau: Alhassan Dantata ya kai ajiya bankin nan a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Ku kwatanta aikin akawunan da suka ƙirga!

Abin lura a nan ya wuce yawan kuɗin. Mutumin da kowa ke kawo wa amana, shi ne ya ɗauki tasa amanar ya kai banki a idon jama'a. Ya gane cewa tukunya a rami ba ta biyan kaya a Ikko, amma takardar banki na yi. Da ƙananan 'yan kasuwa suka ga haka, tsoronsu ya ragu.

Amma fa bankunan Turawa sun fi son karɓa da bayarwa. Da wuya su ba baƙar fata rance, suna cewa ba shi da abin jingina, ba ya kuma rubuta lissafi irin nasu. Wannan ne ya sa mutanen Kudu suka yi ta ƙoƙarin kafa nasu. Industrial and Commercial Bank ya buɗe a Ikko a 1929, ya rushe a 1930. National Bank of Nigeria ya kafu a 1933, ya daɗe. Dokta Azikiwe ya kafa African Continental Bank bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 ƙananan bankuna suka yi ta tsirowa kamar naman kaza, yawancinsu suka mutu da kuɗin talakawa, har Gwamnati ta yi dokar banki a 1952. A Arewa kuwa, inda ba a kafa irin waɗannan ba sai da Bankin Arewa ya zo dab da samun mulkin kai, attajirai irin su Alhassan su ne suka cike gurbin. Suna da suna a wurin kamfani da banki, suna kuma da sanin talaka wanda banki ba shi da shi. Su ne gada tsakanin biyun.

Shi ne kuma a ke cewa ya fara jera buhunan gyaɗa tsibi-tsibi, abin da aka sani da dalar gyaɗa. Dalili kuwa shi ne, jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara da sauri, sai a tara a jira, dala ɗaya ta kan ci buhu har 15,000. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita ke yanke farashi, ita ke ba da lasisin saye. Da fari kamfanonin waje ne ke riƙe da lasisin, amma a farkon shekarun 1950 Alhassan ya sami nasa, ya riƙa sayar wa hukumar kai tsaye da sunan gidansa.

ATTAJIRI A MAJALISAR SARKI

An ce attajiri abokin Sarki. A zamanin En'e maganar nan ba wasa ba ce. Filin da za ka gina kanti, da alƙalin da zai karɓo maka bashi, da dogarin da zai tsare kasuwa, duk a hannun En'e su ke. Amma abota dabam, shawara dabam. Majalisar Sarki ta masu sarauta ce da malamai, ɗan kasuwa ko ya kai ina da kuɗi talaka ne, sai ya tsaya daga waje.

Shekarar 1950 ta girgiza wannan tsari. Cikin watan Agusta Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a ba talakawa bakin magana. Ran 8 ga watan nan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya shugabanta. Cikin Disamba kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta a nan Jos, inda masu ra'ayin sarakuna da masu ra'ayin NEPU suka raba hanya. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa sosai, watau N.P.C. A cikin wannan guguwa ne, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka sa Alhassan Dantata cikin majalisar Sarki, ya zama muryar 'yan kasuwa da waɗanda ba su gāji sarauta ba. Jikan baƙin fatake, wanda aka taɓa kamawa a Basasa, ga shi zaune inda a ke yanke shawarar ƙasar Kano.

Matsayin nan yana da ƙaya. Yawancin ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'a, waɗanda ke cin jari daga hannun manyan attajirai, zuciyarsu na wajen NEPU, lasisi da fili da shari'a kuwa suna wajen En'e da N.P.C. Attajiri na tsakiya, in ya karkata nan ya ɓata da abokan cinikinsa, in ya karkata can ya ɓata da masu iko. Alhassan bai zama mai hawa dandali yana lacca ba. Ya zauna lafiya da fada, ya riƙe cinikinsa. 'Ya'yansa ne suka shiga siyasar zaɓe sosai: Ahmadu ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa, daga baya Aminu ma ya shiga, ya kuma yi kwamishina a Jihar Kano zamanin Gwamna Audu Bako.

Don ku ga hatsarin da ke cikin siyasar baƙo mai kuɗi, ku dubi abin da ya sami wani a ƙasar da Alhassan ya baro. Alhaji Amadu Baba babban attajiri ne, shugaba a Zangon Kumashi, jigo kuma a jam'iyyar Musulmi wadda ke hamayya da Dokta Nkrumah. Gana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957. Kafin shekarar ta ƙare aka kore shi daga ƙasar, shi da Alhaji Usman Larden, aka kawo su Nijeriya. Sun kai ƙara suna cewa su haifaffun Gana ne, sai majalisa ta yi doka musamman a kansu, shari'ar ta mutu. A 1969 kuma gwamnatin Dokta Busia ta kori baƙi masu ɗimbin yawa, cikinsu har da Hausawa da Yarabawa waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai Gana. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba, in ji masu magana.

TO, INA RUWAN JOS?

Abin da gyaɗa ta yi wa Kano, kuza ta yi wa Jos. Ƙasar nan ta Birom ce da Anaguta da Afizere tun kafin Turawa su hau dutse neman kuza a farkon shekarun 1900. Ƙaramin jirgi daga Zariya ya kai Bukuru a 1914, babban jirgi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, bayan an yanke Lardin Filato a 1926. Hausawa, da Barebari, da Yarabawa, da Ibo, da Kwara, da Turawa suka yi ta zuwa. Lebura ba ya karɓar wuri, sai tsabar kuɗi, saboda haka bankunan nan biyu suka buɗe rassa a Jos don kamfanonin kuza. Lebura da mai tireda kuwa, bankinsu shi ne maigidan da ya saukar da su, da mai hatsin da ke ba su bashi har ranar biya, da adashi.

Da baƙi suka yi yawa suka yi dukiya, sai tambaya ta taso, wa zai riƙe garin? Turawa sun daɗe suna naɗa shugabanni daga cikin Hausawa su kula da garin baƙi. A 1947 aka naɗa Rwang Pam Sarkin Birom, daga baya sarautar Jos ta koma hannunsa. Tambayar ɗan ƙasa da baƙo ba ta kwanta ba tun daga sa'an nan, ta kuwa jawo zubar da jini a garin nan, kamar a 2001 da 2008. Ku da za ku fita koyarwa, a aji ɗaya za ku tarar da jikan wanda aka haƙa kuza a gonar kakansa, da jikan wanda ya zo haƙar. Dukansu biyu a nan aka yanke musu cibiya. Malamin da bai san yadda kakanninsu suka haɗu ba, da wuya ya iya zama da su bisa adalci.

ƘARSHENSA

Alhaji Alhassan Dantata ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa a unguwar Sarari. Ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma a lokacin. Da ciwo ya tsananta ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bar gidan ciniki ya watse. Sau da yawa dukiyar attajiri kan ƙare ran rabon gado, amma kamfanin Alhassan Dantata da 'Ya'yansa ya ci gaba. Ɗansa Alhaji Aminu ya rayu har 2025. Aliko Dangote kuwa, uwarsa 'yar Alhaji Sanusi Dantata ce.

Sauran abubuwa duk sun sāke. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975, da komawar hankalin Gwamnati kan man fetur, sun share dalar gyaɗa daga Kano. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, naira ta maye gurbin fam a 1973. Bankin da raƙuma suka durƙusa a ƙofarsa ya zama First Bank a 1979, Barclays kuma ya zama Union Bank a wannan shekara. Damuwar masu gudun riba ma ta sami amsa, gama bankin Jaiz, wanda ba ya ciniki da ruwa, ya fara aiki a 2012.

Abin da bai sāke ba shi ne amana. Malami a ƙauye ya kan zama ɗan ƙaramin banki ko yana so ko ba ya so. Shi ke da albashi tabbatacce, shi ya iya rubutu da lissafi, saboda haka shi za a ba kuɗin adashi, da na ƙungiyar iyayen yara, da na jarrabawa. Wata rana wata zai yi nisa, aljihu ya bushe, ga kuɗin mutane a akwati, zuciya ta ce ɗan taɓa kaɗan, ka mayar in an yi albashi. Daga nan ne malamai da yawa suka rasa aikinsu da mutuncinsu, don rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Shawarata ita ce, kuɗin da ba naka ba, rubuta shi a littafi gaban shaidu, ka kai banki da sunan masu shi. In za ka ba da rance, ba da abin da in bai komo ba ba zai hana iyalinka cin tuwo ba. In kuwa kai ka ci bashi, je ka da ƙafarka tun ranar ba ta cika ba, ko da rabi ne a hannunka.

In kun je garuruwan da aka tura ku, ku tambayi tsofaffi wa ke ajiye wa mutane kuɗi a da, daga ina ya zo, yaya kuma ya ƙare. Ku sa yara su rubuta abin da suka ji da Hausa ko da harshensu. Za su koyi tarihi da lissafi a darasi ɗaya, wataƙila kuma su gane cewa kusan kowane gida, in aka bi asalinsa da nisa, an taɓa saukar da shi baƙo a wani wuri.